Takarar faya-fayan Blu-ray da HD DVD: Sony ya yi galaba, amma kasuwa ba ta jira ba

A ranar 19 ga watan Fabrairu na shekarar 2008 ne kamfanin Toshiba na ƙasar Japan ya ba da sanarwar daina ƙera na'urorin faifan HD DVD, wanda hakan ya kawo ƙarshen takarar kusan shekara biyu tsakaninsa da faifan Blu-ray na kamfanin Sony da abokan hulɗarsa. Sai dai duk da wannan galaba, Blu-ray bai samu irin karɓuwar da faifan DVD ya samu a gidajen jama'a ba.

Asalin takarar shi ne fitowar akwatunan talabijin masu nuna hoto tangaram, waɗanda finafinansu suka fi ƙarfin faifan DVD mai ɗaukar gigabayit 4.7 a shimfiɗa guda. A shekarar 2002 kamfanoni tara, ciki har da Sony da Matsushita da Philips da Samsung, suka bayyana tsarin Blu-ray, yayin da Toshiba da NEC suka fito da nasu tsarin wanda aka raɗa wa suna HD DVD.

Dukkan faya-fayan biyu suna aiki ne da hasken leza mai launin shuɗi, wanda ya fi jan hasken DVD siranta, saboda haka yake iya karanta bayanai masu yawa a ɗan ƙaramin wuri. HD DVD yana ɗaukar gigabayit 15 a shimfiɗa guda, Blu-ray kuwa 25. To amma HD DVD ya fi sauƙin bugawa, domin bayanansa suna kwance ne a zurfin milimita 0.6 kamar na DVD, ta yadda tsofaffin masana'antu za su iya buga shi bayan ɗan gyara. Na Blu-ray suna zurfin milimita 0.1 ne kacal, abin da ya wajabta sayen sababbin injuna.

Abin da ake rububi a kai shi ne kuɗin lasisi. Duk kamfanin da tsarinsa ya zama na kowa da kowa zai riƙa karɓar wani kaso a kan kowace na'ura da kowane faifai da aka sayar a duniya. Sony ya taɓa ɗanɗana kuɗarsa a irin wannan fage, lokacin da kaset ɗinsa na Betamax da ya fito a 1975 ya sha kaye a hannun VHS na kamfanin JVC. Darasin da aka koya a nan ne ya sa ɓangarorin biyu suka sasanta a 1995 aka fito da DVD guda ɗaya. A wannan karon kuwa, shawarwarin sulhu da aka yi a 2005 sun watse ba tare da an cim ma matsaya ba.

Toshiba ne ya riga shiga kasuwa. Na'urarsa ta isa Amurka a watan Afrilu na 2006 a kan dala 499, tare da goyon bayan kamfanonin Microsoft da Intel. Na'urar Blu-ray ta farko, ƙirar Samsung, ta biyo baya a watan Yuni a kan dala 999. Amma a watan Nuwamba na wannan shekarar Sony ya fito da na'urar wasa ta PlayStation 3, wadda ya sanya wa makarancin Blu-ray a cikinta, yana kuma sayar da ita ƙasa da abin da yake kashewa wajen ƙera ta. Ya zuwa farkon 2008 an sayar da fiye da miliyan 10 na wannan na'ura, alhali na'urorin HD DVD da aka sayar ba su wuce kimanin miliyan ɗaya ba, duk kuwa da cewa an karya farashin wasu daga cikinsu zuwa ƙasa da dala 100 a ƙarshen 2007.

Su ma kamfanonin shirya finafinai na Amurka sun rabu gida biyu. Disney da 20th Century Fox da Sony Pictures sun tsaya wa Blu-ray, Universal ya tsaya wa HD DVD, sannan Paramount ya koma ɓangaren Toshiba a watan Agusta na 2007. Wannan ya jefa mai saye cikin tsaka mai wuya, domin duk na'urar da ya saya akwai finafinan da ba za ta kunna masa ba. Sakamakon haka jama'a da dama suka zura ido suna jiran ganin wanda zai kai labari. Masu finafinai kuma suna jiran ganin inda masu saye za su karkata.

Kamfanin Warner Bros., wanda yake buga finafinansa a faya-fayan biyu, shi ne ya raba gardama a ranar 4 ga watan Janairu na 2008, inda ya ce zai tsaya ga Blu-ray kaɗai. Cikin makonni shida kamfanin hayar finafinai na Netflix da manyan kantunan Best Buy da Wal-Mart suka bi sahu, daga nan Toshiba ya miƙa wuya.

To sai dai galabar ta zo ne a makare. A ƙarshen 2008 tattalin arzikin duniya ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, mutane suka tsuke bakin aljihu. Bugu da ƙari, mai son cin moriyar Blu-ray sai ya sayi sabon talabijin da sabuwar na'ura da faifai mai tsada, alhali ga mafi yawan masu kallo hoton DVD ya wadatar. Sauyi daga kaset zuwa DVD ya raba mutane da wahalar mayar da zare baya da lalacewar hoto, amma sauyi daga DVD zuwa Blu-ray ƙarin kyan hoto ne kawai. Don haka DVD ya ci gaba da fin Blu-ray yawan ciniki shekara da shekaru, hatta a Amurka.

Ana cikin wannan hali ne kallo ta intanet ya kunno kai. Tun a watan Janairu na 2007, ana tsakiyar takarar, Netflix ya fara aika wa masu hulɗa da shi finafinai kai tsaye ba tare da faifai ba. Abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko da aka fito da faifan Ultra HD Blu-ray a 2016, bai juya akalar kasuwar ba. Netflix ya rufe sashensa na aika faya-fayai ta gidan waya a watan Satumba na 2023, Best Buy ya daina sayar da faya-fayan finafinai a 2024, Sony kansa kuma ya daina ƙera faya-fayan Blu-ray na ɗaukar bayanai a 2025.

A nan Nijeriya, inda araha take gaba da komai, Blu-ray bai taɓa yin tasiri ba. Dillalan finafinai na Ƙofar Wambai a Kano da na Alaba a Legas sun tashi daga kaset zuwa VCD da DVD, daga nan kuma masu kallo suka koma ga turin finafinai a wayar hannu da kallo ta intanet.

Har yanzu ana buga finafinai a faifan Blu-ray, amma masu sayensa galibi masu sha'awar adana finafinai ne da waɗanda ba sa son dogaro da intanet.