Daga Tsatsarandi zuwa Wayar Hannu: Bin Sawun Wasanka na Ces

A 1934 wani Bature mai suna C. K. Meek ya buga ɗan bayani a wata mujallar Landan kan wata dara da ake yi a ƙasar Barno. Sunanta tsatsarandi, dangin shaɗaranjin Larabawa. A kan allonta akwai Mai, akwai Ciroma, akwai Kaigama, ga kuma dawaki. Ke nan daular da ta zaunar da Galadimanta a Nguru ta san wannan wasa tun tuni. Sai dai abin da ya shiga takarda sunayen 'ya'yan darar ne da yadda kowanne ke tafiya. Dabarun gwanayen a ka suke, da su kuma suka tafi.

Yau wasan ya dawo ta waya, da sunan ces. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ko ma'aikacin asibiti a Nguru da ya tashi daga aiki, zai buɗe Lichess, dandalin kyauta da wani Bafaranshe ya kafa a 2010, ya kara da ɗan Indiya wasan minti uku. An cinye shi? Sai ya danna sabo. Haka zai shekara yana bugawa, hannu ya yi sauri, kai yana nan inda yake.

Mikhail Botvinnik, ɗan Tarayyar Sobiyet da ya zama zakaran duniya a 1948, wanda zakaru irin su Karpov da Kasparov da Kramnik duk suka bi ta makarantarsa, ya dage a kan abu guda: ka zauna ka tsefe wasanka, ka rubuta sharhin, ka baje shi gaban mutane su kushe. Wanda ba shi da malami ya fi kowa bukatar wannan.

Farkon aikin rubutu ne. Allon gida 64 ne, layuka na tsaye a zuwa h, na kwance 1 zuwa 8, don haka kowane gida da sunansa. A gasa mai dogon lokaci, dokar hukumar ces ta duniya, FIDE, ta wajabta rubuta kowane taku. Waya tana adana takun da kanta, amma ba ta adana abin da ke ranka. Da an tashi wasa, tun abin bai huce ba, ka rubuta: nan na tsorata da dokinsa, nan na ga banza na kai hannu, nan lokaci ya ƙure mini. Sannan ka jera 'ya'yan a kan allo, ka bi wasan a hankali, ka nemo inda ya juya. Sau da yawa ba takun da aka ɗauke maka sarauniya ba ne. Ɓarnar ta faru taku biyar kafin nan, lokacin da ka bar sarkinka a fili kana farautar ɗan soja guda.

Masu dara a gindin darbejiya sun san wannan aiki. Ana gama wasa 'yan kallo za su kaure da musu, wannan ya ce da ka sa a can, wancan ya ce ai tun farko ka ba da gida. Sharhi ne na gaske, illa dai hannu ɗaya ke shafe ƙasar, gobe ba mai tuna yadda aka yi.

Kwamfuta ita ce ta ƙarshe, kuma nan ne na fi saɓawa da samarin yanzu. Tun da Deep Blue ta doke Kasparov a 1997 aka daina gardama kan ƙarfinta, manhajar Stockfish da ke cikin wayarka kuwa ta fi waccan nesa ba kusa ba. Za ta nuna maka lamba: +1, a kimance, mai fararen 'ya'ya ya yi gaba da kamar soja ɗaya. Amma taku take faɗa, ba dalili ba. Wani takun da ta zaɓa ya dogara ne da lissafi mai nisan da ko gwani ba zai hango ba, don haka kada ka ɓata dare kan bambancin 0.3. Duba inda lambar ta yi tsalle daga +2 zuwa -3, ka gwada da abin da ka rubuta. In ka riga ka gano wurin da kanka, ka ƙaru. In ba ka gano ba, ka san inda idonka yake da yana.

Bayan wasanni kamar ashirin, kurakuran za su fara maimaita kansu. Wani zai tarar kullum ba ya tambayar abin da abokin karawa ke nufi da takunsa na ƙarshe. Wani kuwa yana kai wa ƙarshen wasa da rinjaye, amma bai iya kashe sarki da abin da ya rage masa ba. Na farkon ɗabi'a zai gyara, na biyun darasin mako guda ne. Wasan da ka ci ma a duba shi, domin wani lokaci abokin ne ya yi gyangyaɗi.

A garin da wutar lantarki ke zuwa in ta ga dama, ga tsadar data, littafin rubutu da allon kwali sun wadatar da kashi mafi yawa na wannan aiki. In akwai aboki a unguwa, ku yi musayar littattafan duk ranar Juma'a, kowa ya sa jan biro a na ɗan'uwansa.