Abin da Muke Amincewa da Shi Ba Mu Karanta ba

Ranar 1 ga Afrilu, 2010, wani kamfanin sayar da wasannin bidiyo a Ingila mai suna GameStation ya cusa sabon layi a cikin sharuɗɗan cinikinsa na intanet. Layin ya ce duk wanda ya yi sayayya a ranar ya mallaka wa kamfanin ruhinsa har abada. An tanadi wurin da mutum zai danna ya ce bai yarda ba, har da tukwicin fam 5 ga wanda ya yi hakan. Mutum 7,500 suka wuce ba su ko kalli wurin ba. Daga baya kamfanin ya ce wasa yake yi, ya aika musu cewa ya fasa.

Shekara huɗu bayan nan, kamfanin tsaron kwamfuta na F-Secure ya ɗauki nauyin wani gwaji a Landan. Aka kafa intanet na kyauta a wurin da jama'a ke kai-kawo, da sharaɗin cewa duk wanda ya hau ya ba kamfanin ɗansa na fari. Mutum 6 suka amince kafin a cire shafin. A 2017 kuma kamfanin Purple na birnin Manchester ya saka wa masu hawa intanet ɗinsa na kyauta sharaɗin aikin gayya na awa 1,000, ciki har da wanke banɗakunan wuraren biki da yashe magudanan ƙazanta. Cikin mako biyu mutum 22,000 suka danna sun yarda. Mutum ɗaya tak ya lura.

Akwai waɗanda suka gwada ta hanyar alheri. Kamfanin PC Pitstop na Amurka ya rubuta a cikin yarjejeniyar manhajarsa cewa akwai kuɗi ga wanda ya karanta ya aiko da saƙo. Sai da aka yi wata huɗu, aka sauke manhajar fiye da sau 3,000, sannan wani ya rubuto, aka ba shi dala 1,000. A 2019 wata malamar makaranta a jihar Georgia ta sayi inshorar tafiya daga kamfanin Squaremouth, ta zauna ta bi takardar layi-layi. A shafi na 7 ta tarar da alkawarin dala 10,000 ga wanda ya fara kaiwa wurin ya yi magana, kuma aka biya ta.

Mai jin waɗannan labarai zai ce ai lalacin mutane ne. Ni dai ban ga laifinsu ba. A 2008 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Carnegie Mellon, Aleecia McDonald da Lorrie Cranor, sun ƙiyasta cewa Ba'amurke zai ɓatar da sama da awa 200 a shekara in zai karanta ƙa'idojin sirri na duk shafukan da yake shiga. Wato fiye da aikin wata guda a ofis, ba a yi komai ba sai karatu. A 2016 hukumar kare masu sayayya ta ƙasar Norway ta tattara sharuɗɗan manhajoji 33 da aka saba gani a wayar mutum, ta sa mutane suka yi ta karantawa da babbar murya ana watsawa kai tsaye. Sun haura awa 31 kafin su kai ƙarshe. Rubutun da ya kai wannan tsawo, da yaren lauyoyi, a kan fuskar waya da ba ta wuce tafin hannu ba, wanda ya rubuta shi ya san ba za a karanta ba.

Wasu layukan ma sai ka maimaita su kafin ka gaskata idonka. Yarjejeniyar iTunes, manhajar sauraron kiɗa ta Apple, ta hana amfani da ita wajen ƙera makaman nukiliya ko masu guba. Amazon kuwa, a 2016, ya hana amfani da manhajarsa ta haɗa wasanni, Lumberyard, wajen tafiyar da na'urorin da rayukan mutane suka dogara a kansu, amma ya ce hanin zai faɗi idan annoba ta ɓarke wadda ke sa gawawwaki su tashi suna cin naman masu rai.

Waɗannan duk abin dariya ne. Na gaba ba su da ban dariya ko kaɗan.

Wata manhajar tocila mai suna Brightest Flashlight, wadda aka sauke sau miliyoyi, aikinta a zahiri shi ne ta kunna fitilar bayan waya. A 2013 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta bayyana cewa tana aika wa masu talla ainihin wurin da mai wayar yake da lambar shaidar wayarsa. Abin da ya fi muni, ta kan fara aikawa tun kafin mutum ya zaɓi yarda ko ƙi. Maɓallin ƙin ado ne kawai. Kafin ita, a 2005, an gano cewa wasu faya-fayen kiɗa na kamfanin Sony BMG suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar wanda ya saka su, manhajar da ta buɗe wa masu kutse ƙofa.

Talabijin ma bai tsira ba. A 2015 aka lura da wani layi a ƙa'idojin Samsung yana gargaɗin cewa in ka yi maganar sirri a gaban akwatin da ke karɓar umarni da murya, maganar na iya shiga cikin abin da za a aika wa wani kamfani dabam. Kamfanin talabijin na Vizio ya biya dala miliyan 2.2 a 2017 saboda ya riƙa tattara bayanin abin da ake kallo a akwatuna miliyan 11, daƙiƙa bayan daƙiƙa, masu gidajen ba su sani ba. Avast, wanda mutane suka ɗora don ya kare su daga masu bin sawu, an ci shi tarar dala miliyan 16.5 a 2024 bisa sayar da bayanan shafukan da suke shiga ga kamfanoni fiye da 100.

Su kansu sojoji abin ya ritsa da su. Strava manhaja ce ta masu motsa jiki, tana auna gudun da mutum ya yi da hanyar da ya bi. A ƙarshen 2017 ta fitar da taswirar duniya mai nuna inda masu amfani da ita suka fi bi. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura da wasu zobba masu haske a tsakiyar duhun hamada a Siriya da Afganistan. Sojoji ne ke zagaye sansanoninsu da gudu kullum, agogon hannunsu yana zana wa duniya katangar sansanin.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Muslim Pro, manhajar da dubban mutanenmu suka ɗora don lokutan salla da alƙibla da karatun Alƙur'ani. A Nuwamban 2020 sashen Motherboard na mujallar Vice ya ruwaito cewa manhajar, wadda aka sauke kusan sau miliyan 98 a lokacin, tana miƙa bayanin wurin da mutane suke ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, shi kuma cikin masu saye a wurinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan Amurka. Kamfanin ya musanta cewa ya sayar wa soja da komai, ya kuma yanke hulɗa da X-Mode. Ko da an karɓi musun nasa, tambayar tana nan. Bawan Allah ya bar manhajar ta san inda yake ne don ta nuna masa gabas kuma ta faɗa masa lokacin asuba. Bai taɓa jin sunan X-Mode ba, balle ya yi ciniki da shi.

Yarjejeniyar kan bi mutum har inda bai zata ba. A 2023 wata likita ta rasu bayan cin abinci a wani gidan abinci da ke harabar Disney a Florida, saboda wani sinadari da jikinta ba ya ɗauka. Da mijinta ya kai ƙara, lauyoyin Disney suka ce ai tun 2019, lokacin da ya yi rajistar gwajin kallon Disney+ na wata ɗaya, ya amince ba zai kai kamfanin gaban alƙali ba sai dai zaman sasanci. Sai da jama'a suka yi ca a kansu sannan suka janye wannan hujja a Agustan 2024.

A wurinmu kuwa, sau da yawa ba ma mai wayar ne ke dannawa ba. Ka tsaya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka ga yadda ake yi. Dattijo ya sayi sabuwar waya, ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Ɗan nan, saita min ita." Yaron ya buɗe masa imel, ya tura manhajoji, duk akwatin da ya fito yana neman izini babban yatsansa ya riga idonsa isa wurin. Minti goma an gama, wayar ta samu izinin ganin lambobi da hotuna da saƙonni. Kamar a kama hannun mutum ne a dangwala masa yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, kuma da Turanci aka rubuta ta.

Masu ba da rance ta waya sun san darajar wannan izini fiye da kowa. Ka karɓi naira dubu kaɗan, ka makara da kwana biyu, sai saƙo ya isa ga surukinka da limamin unguwarku da wanda ka taɓa sayen taya a wurinsa, ana kiranka macuci ana cewa a yi hattara da kai. Daga wayarka aka kwashe lambobinsu. Su waɗannan mutane ba su ci bashi ba, ba su ɗora manhajar ba, ba wanda ya tambaye su komai. A Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan aiki. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, sannan a Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta Najeriya, FCCPC, ta yanke wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, bisa zarge-zargen da suka haɗa da hana 'yan Najeriya zaɓin da ake ba mutanen wasu ƙasashe.

Google ma ya motsa. Daga 31 ga Mayu, 2023, ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobin waya da hotuna. Sai dai manhajar da aka turo maka ta WhatsApp, ko aka ɗauko daga wayar aboki ta Xender, ba ta bi ta ƙofar Google ba, don haka hanin bai kai gare ta ba.