Biyan Bashi Ba Shi Ne Fita Daga Talauci Ba

Akwai kamfanonin da ake kafawa don su yi ciniki, kuma su magance wata matsalar al'umma. Ɗan kasuwa, littafin ciniki ya ishe shi sanin ko ya ci riba. Waɗannan fa, da me za a gane sun cika alkawari?

A 1976 Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na ƙasar Bangaladash. Daga nan Bankin Grameen ya samo asali a 1983, har shi Yunus da bankin suka karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Abin da aka fi yayatawa shi ne miliyoyin mata sun karɓi rance, kuma kusan duka suna biya.

To, biya fa ba shaidar samun sauƙi ba ce. Mace kan sayar da akuyarta, ko ta ciwo wani bashin, don kada ta ji kunya a gaban 'yan ƙungiyar da suka karɓi rance tare. A takardar banki ta biya. A gida tukunya ta ragu. Rikicin da ya ɓarke a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010 ya tona irin wannan, inda aka tarar talakawa sun nutse cikin basussukan masu ba da rance da dama.

Shi kansa Grameen ya tsara ma'auni goma, kuma sun fi ƙidayar kawuna ma'ana. Daga cikinsu akwai rufin kwano, ruwan sha mai tsabta, masai, gidan sauro, yara a makaranta, abinci sau uku a rana duk shekara. Sai dai ko an ga canji, wa ya kawo shi? Rancen ne, ko damina ce ta yi albarka?

Don warware wannan, masu bincike su Abhijit Banerjee da Esther Duflo suka bibiyi unguwanni 104 a birnin Hyderabad na Indiya, inda aka buɗe rance a rabinsu bisa ƙuri'a, aka bar sauran. Wannan da wasu gwaje-gwaje biyar a Maroko, Habasha, Meziko, Mongoliya da Bosniya, da aka wallafa a 2015, sun nuna sana'o'i sun ɗan bunƙasa, amma kuɗin shigar magidanta bai ƙaru yadda aka zata ba.

Don haka, duk ƙungiyar da ta zo garinku tana alfahari da yawan matan da ta tallafa, ku tambaye ta halin da suke ciki bayan shekara biyu, in aka gwada su da maƙwabtansu da ba su karɓa ba.