Duwatsun Langkawi Tsakanin Masu Bincike da 'Yan Yawon Buɗe Ido

A shekarar 2007 aka shigar da tsibiran Langkawi na ƙasar Malesiya cikin jerin jiyofak na duniya da UNESCO ke mara wa baya, wato yankunan da ake karewa saboda tarihin da ke cikin duwatsunsu. Su ne na farko a Kudu maso Gabashin Asiya. Maƙwabta ba su jima ba suka bi sahu: Dong Van a Biyetnam a 2010, Batur a Indonesiya a 2012, sai Satun na Tailan, da ke dab da Langkawi, a 2018. Me ya sa ƙasashen zafi da ruwan sama ke rububin wannan matsayi, kuma me ya haifar?

Dalili na farko na ilimi ne, kuma shi ne ya fi muhimmanci a ganina. A ƙasar da zafi da damina suka haɗu, dutse yakan ruɓe ya koma jar ƙasa mai zurfi, kurmi kuma ya lulluɓe sauran. Mai bincike sai ya yi tafiya mai nisa bai ga dutse a fili ba. Saboda haka 'yan wuraren da teku ta wanke ta bayyana suna da tsada ƙwarai, domin idan aka fasa ɗaya babu madadinsa a kusa.

Langkawi ta yi sa'a a nan. Dutsen yashi na Machinchang ya haura shekaru miliyan 500, yana cikin mafi tsufa a Malesiya. A samansa akwai dutsen farar ƙasa na Setul, cike da burbushin halittun teku da suka daɗe da ƙarewa. Sai rukunin Singa, wanda ya fi ba ni mamaki. A cikin baƙar laka da ta daskare ana samun duwatsu jefi-jefi, baƙi, waɗanda ba su da alaƙa da abin da ke kewaye da su. Masana sun bayyana cewa curin ƙanƙara ne ya ɗauko su yana yawo a kan teku, da ya narke sai suka nutse cikin lakar. Ke nan ƙasar da yau take kusa da tsakiyar duniya ta taɓa zama cikin matsanancin sanyi, a gefen tsohuwar nahiyar Gondwana, kusan shekaru miliyan 300 da suka wuce. Daga nan ta ɓalle ta yo arewa. Dutsen Chuping da ya biyo baya yana nuna ruwan ya fara ɗumi. Daga baya narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya zama tsaunin Gunung Raya, zafinsa kuma ya mayar da farar ƙasa marmara a tsibirin Dayang Bunting. Samun wannan jeri bi da bi a ɗan ƙaramin yanki ba abin banza ba ne. Da shi ake gwada bayanan da aka samu a Tailan da Myanmar.

Dalili na biyu kuɗi ne, kuma babu laifi a faɗe shi. Tun 1987 aka mayar da Langkawi tsibirin da ba a biyan kuɗin fito, don jawo baƙi. Tambarin UNESCO ya ƙara mata kwarjini. Masunta da dama a yankin Kilim na Langkawi sun koma tuƙa jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido, suna samun abin da kamun kifi bai ba su ba.

A nan ne gizo ke saƙar. Jiragen masu gudu suna tayar da igiyar ruwa da ke cinye gaɓa, ta kayar da itatuwan da ke tsare bakin teku. Ana watsa fatar kaza a ruwa don shirwa da gaggafa su sauko a ɗauke su hoto, abin da masu kare muhalli suka daɗe suna kuka a kai. Mafi yawan baƙi kuma suna tafiya ba su ji ko kalma ɗaya a kan Gondwana ba, alhali jikin duwatsun Kilim na ɗauke da zaizayar da ke nuna inda teku ta taɓa kaiwa sama da matakinta na yau, shaidar da masu nazarin sauyin yanayi ke matuƙar bukata.

Duk da haka ba zan ce tsarin ya gaza ba. Ya sa an tantance wuraren an yi musu taswira, da taimakon masanan jami'ar Kebangsaan ta Malesiya, an kuma horar da 'yan jagora daga cikin mutanen wurin. Ga kuma linzami: duk bayan shekara huɗu ake sake duba kowane jiyofak, wanda ya yi sakaci a ba shi katin gargaɗi da wa'adin shekara biyu, in bai gyara ba a ƙwace matsayin. Abin da ya rage shi ne hukumomin Langkawi su ƙayyade yawan jirage da gudunsu a Kilim, su kuma ware kaso na kuɗin shiga don bincike da gadin wuraren da ilimi ya dogara da su.