Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka ziyarci cocin Sagrada Familia

Cocin Sagrada Familia da ke birnin Baselona a ƙasar Sifaniya ya haura shekara 140 ana gina shi, har yau magina ba su tashi ba. Miliyoyin mutane na zuwa kallonsa duk shekara, kuma kuɗin tikitinsu da gudummawar masu ibada ne ke ɗaukar nauyin aikin.

Wa ya tsara shi?

An aza harsashinsa a 1882. A 1883 Antoni Gaudi ya karɓi aikin, ya sauya fasalinsa baki ɗaya. Ya yi shekara 43 a kai, har jirgin ƙasan da ke bin titin cikin gari ya buge shi a 1926, ya rasu. Kabarinsa na ɗakin ƙarƙashin cocin.

Me ya sa aikin ya daɗe haka?

Da farko ƙarancin kuɗi ne. Sai yaƙin basasar Sifaniya ya ɓarke a 1936, aka cinna wa ɗakin aikin Gaudi wuta, zane-zanensa suka ƙone, samfuran da ya ƙera suka farfashe. Da gutsattsarin da aka tsinto magina na baya suka riƙa lalubo manufarsa, daga bisani kwamfuta ta sauƙaƙa lissafin. Fafaroma Benedict na 16 ya keɓe cocin don ibada a 2010, izinin gini na hukuma kuwa sai a 2019 ya fito.

Me za ka gani?

Tsarin ya ƙunshi hasumiya 18. Mafi tsawo ita ce ta Yesu Almasihu, mita 172.5, kuma da gangan Gaudi ya bar ta ƙasa da tudun Montjuic da ke birnin, don a ganinsa bai dace aikin ɗan'adam ya zarce halittar Ubangiji ba.

Fuskar cocin ta gabas labarin haihuwar Yesu take bayarwa, cike da sassaƙen tsuntsaye da ganyaye. Duba gindin ginshiƙan ƙofar, za ka ga kunkuru biyu sun ɗauke su a baya. Fuskar yamma ta gicciye ce, sassaƙen Josep Maria Subirachs, mutanenta a rame, fuskokinsu a murtuke. A bangonta akwai allon lambobi 16 da duk layin da ka tara zai ba ka 33, shekarun Yesu a duniya bisa imanin Kiristoci.

A ciki, ginshiƙai na rabuwa a sama kamar rassan itatuwa, su tallafi rufin. Gilasan tagogin gabas shuɗi ne da kore, na yamma ja da ruwan lemo, don haka hasken safe daban, na la'asar daban.

Yaya ake shiga?

Sayi tikiti ta intanet tun da wuri, domin kowane tikiti da lokacinsa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin L2 da L5 na tsayawa dab da cocin. Ana binciken jaka a ƙofa. Wurin ibada ne, saboda haka a rufe kafaɗu, a guji tufafi shara-shara. Hawan hasumiya da ƙarin kuɗinsa: lifta ce ke kai mutum sama, saukowa kuwa da ƙafa ta ƙuntatacciyar matakala mai murɗiya. Ba a barin yara 'yan ƙasa da shekara shida su hau, kuma mai ciwon gwiwa gara ya tsaya a ƙasa.