Madubin Masu Safiyo

Yaran Balan, a ƙasar Gaya, sun san wasan nan na tare rana da ɓallin madubi a haske wa mutum ido daga nesa. To, jama'a, da irin wannan dabara aka auna manyan ƙasashe.

Wani Bajamushe masanin lissafi, wai shi Gauss, shi ya ƙago na'urar a 1821, sa'ad da yake auna ƙasar Hanoba. Sunanta heliyotirof. Madubi ne kawai da ɗan abin saiti. Mutum ɗaya ya hau dutse ya karkata hasken rana wajen abokin aikinsa, shi kuwa ya hango shi a tabarau kamar tauraro, ya auna kusurwa. In an san tsawon gefe ɗaya da kusurwa biyu, saura sai lissafi. Da haka Gauss ya auna tsakanin waɗansu duwatsu biyu, fiye da mil 60.

Mu nan ba mu rasa rana ba, amma hazo da kura na hunturu su ne abokan gāban wannan aiki. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Gaya da Ajingi kuma, itatuwa sukan tare hasken.

Yau tauraron ɗan'adam ya karɓi aikin, madubi ya koma gidan tarihi. Amma turakun siminti da masu safiyo ke kafawa suna nan. Muna roƙon manoma kada su tumɓuke su. Turke ɗaya in ya ɓace, sai maƙwabta su shekara gaban alƙali kan iyaka.