Gaisuwa da ladabi a bakin mutanen Xhosa

A lardin Eastern Cape na Afirka ta Kudu, inda aka haifi Nelson Mandela, wuce mutum ba gaisuwa rashin tarbiyya ne. Mutum ɗaya ana ce masa "Molo", jama'a kuwa "Molweni". Dattijo ma akan yi masa "Molweni" ko da shi kaɗai ne, don girmamawa. Sai tambayar lafiya, "Unjani?", a amsa da "Ndiphilile, enkosi", wato lafiya lau, na gode.

Roƙo yana farawa da "Ndicela", ban haƙuri kuma "Uxolo". Wannan x ɗin ita ke ba baƙo wahala, domin tsotsar gefen baki ake yi a sake shi da ƙara, kamar mai kora doki. Wajen sallama, mai tafiya ana ce masa "Hamba kakuhle", wanda aka bari kuma "Sala kakuhle".

Babba ba a kama sunansa kai tsaye, sai "Tata" ko "Mama". Abin da ya fi waɗannan nauyi, a ganina, shi ne kiran mutum da sunan zuriyarsa, wanda suke kira "isiduko". Shi ya sa 'yan ƙasar suke ce wa Mandela "Madiba", sunan zuriyarsa cikin al'ummar Thembu.